Safa Ƙafa Ɗaya a Kan Igiya

Litinin

Zuwa ga maigidana, Sarkin Awo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan, ina yi maka barka da baƙunta. Matarka tana gaishe ka. 'Ya'yanka Aku da Kumatu suna gaishe ka. Gwiwoyina ba su gaishe ka ba, su ba sa gaida kowa.

Na san za ka ce me ya kai Kaka rubuta wasiƙa alhali ga waya. To ji dalili. A waya rabi kunnena yake ji, kai kuma da na ɗauko magana sai ka ce ana kiranka a ofis. A takarda ba ka isa ka katse ni ba. Direban ofishinku da ke zuwa nan Litinin da Alhamis ya yarda zai riƙa kai maka, ya kawo amsa. Shekara biyu na yi a ajin manya ina zama kan bencin yara, ba don ado na yi ba. In ka ga harafi ya karkace ka miƙar da shi, ai kai ne ɗan boko.

Yau sati uku da aka mayar da kai aiki can. Ka ce mu ba ka sati ɗaya ka samo mana gida. Ashe satinka ya fi na matarka tsawo, ita da take tela. Mun ɗaure komai a kwali. A murfin tukunya muke cin abinci, don an naɗe faranti an manta kwalin da aka sa su. Kumatu kullum sai ta farka kwali ɗaya tana neman 'yar tsanarta. Aku kuwa ta gama shelanta wa layin nan cewa makarantun can suna rufe ɗaukar yara a ƙarshen wata, kuma sai da adireshin gida. Yarinyar nan da za a sa mata batir, da an huta da sayen rediyo.

Ga wani labari. Jiya Gwaggonka ta zo gaishe ni da fenti a gefen mayafinta. Na ce me kike fentawa? Ta ce ɗakin baya, wai danshi ya ɓata shi. Aku ta je gidan ta dawo ta ce har da sabon labule, kuma an buga ƙusa a bango, ƙasa-ƙasa, daidai inda gajeriyar mace za ta rataye carbi. Gwaggonka doguwa ce. Ni dai ban tambayi kowa komai ba.

Shekara talatin da huɗu muna gida ɗaya da kai, tun ranar da uwarka ta rasu aka miƙo mini kai cikin tsumma. Saboda haka in sakina za ka yi, maigida, ka rubuto da hannunka. Kada ka aiko da fenti.

Ka riƙa cin abinci. Direba ya ce ka rame, na ce da ma can ba wani kyau gare ka ba.

Ka huta lafiya.
Taka tun kana tsumma,
Kaka

*

Alhamis

Zuwa ga Kaka,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ƙafar da sauƙi, kuma kina shan maganin a kan lokaci.

Kaka, ba zaune nake ba. Aiki a sabon ɗakin gwajin ruwan nan ya ninka na da, ba ni da sarari sai lokacin hutun cin abinci, daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu. A cikin awa ɗayan nan dillali ke ɗaukata a babur. Zuwa yau na duba gida goma sha ɗaya.

Don kada in zaɓa da ka, na yi jadawali mai layi shida: makaranta, asibiti, ruwa, tsaro, shiru, da nisa zuwa ofis. Kowane layi maki goma. Ruwan kowace unguwa ma na ɗebo a kwalba na gwada da kaina. Na sa miki kwafi a cikin ambulan ɗin nan.

Wanda ya zo na ɗaya bene ne a sabuwar unguwa, hawa na uku, ɗaki biyu da falo. Maki hamsin da huɗu. Akwai mai gadi a ƙofa, ba a shiga sai an rubuta suna. Shiru ne ƙwarai, ko kukan yaro ban ji ba. Makarantar da ke kusa tana da kyau, tafiyar minti shida ce a ƙafa, na auna da agogo. Ofis kuma minti goma. Matattakala arba'in da biyu ce zuwa ƙofar gidan.

Na biyu wani gida ne kusa da asibiti, maki arba'in da bakwai. Na ƙarshe yana layin masu walda, gidan ƙasa, ɗaki uku da tsakar gida, maki ashirin da tara. Ƙara ta yi yawa, akwai buɗaɗɗiyar kwata a bakin layin, kuma sai na hau mota biyu kafin in kai ofis. Don cika jadawali kawai na sa shi.

Maganar fenti kuwa, gidan Gwaggo ne, tana da ikon fenta shi. Sauran bayani sai na zo. Kuma don Allah ki daina zancen saki a gaban yara. Aku ta tambaye ni a waya ko da gaske ne, kuma wa za a ba wa kujerarki.

Ki gaida kowa. Na bar ki lafiya.
Jikanki

*

Litinin

Zuwa ga Sarkin Awo, mai kwalba da agogo,

Bayan sallama da gaisuwa, takardarka ta iso, jadawalinka ma ya iso. Na sa gilashi na duba shi tsaf. Kai, ka iya ja da rula, ba a banza na riƙa saya maka ita kana karyawa ba.

Tambaya ɗaya. Ka gwada ruwa, ka gwada mutane? Da ƙarfe ɗaya na rana yara suna makaranta, iyaye suna wurin aiki, tsofaffi sun kishingiɗa. Wa kake so ya yi maka surutu? Na zauna na cika jadawalin nan da maƙabarta, ka ji yadda ya fita. Shiru goma. Tsaro goma, ba a taɓa fasa ɗakin kowa ba. Mai gadi yana ƙofa, ana rubuta suna kafin a shiga. Da a ce da famfo, da ta kayar da benenka.

Sau bakwai na ƙaura da kakanka, Allah ya jiƙansa, don aikin jirgin ƙasa ba ya barin mutum ya ga itacen da ya shuka ya yi inuwa. A ƙaura ta biyu ya zaɓo mana gida irin naka. Fenti fari, labule a kowace taga, shiru har kana jin agogon maƙwabta. A gidan nan naƙudar ubanka ta kama ni da hantsi, kakanka yana kan layin dogo. Na ja jiki na buga ƙofa huɗu. A ta uku na ga labule ya motsa, amma ƙofa ba ta motsa ba. Mai sayar da gawayi ce da ke wucewa ta sauke kayanta ta karɓi haihuwar. Shi ya sa ubanka ya fito baƙi, har ya bar maka gado. Bayan wata takwas matar ƙofa ta uku ta gamu da ni a bakin famfo da goyo, ta ce, "Baƙi muka yi?"

Tun daga nan na ƙwace zaɓen gida daga hannun kakanka, kuma ba ƙofa nake dubawa ba, igiyar shanya nake dubawa. Mutum yana iya fenta ƙofa don baƙi, amma ba ya wanki don baƙi. In ka ga ƙananan riguna, akwai abokan wasa. In ka ga rigar sanyi ta tsoho, akwai mai ido a kan layi, wanda zai san yaron wane ne ya nufi titi. In kuwa igiya ta tashi daga bangon wani gida ta ƙare a bangon maƙwabci, mutanen nan suna magana da juna. Ka je da la'asar, ka ɗaga kai, ka duba igiya.

Na ƙirga layukan jadawalinka, shida ne. Na juya bayan takardar ko akwai na bakwai, ban gani ba. Ɗaki biyu kuma na ƙirga mu da yatsu, mu biyar ne, abin bai zauna ba. Da na lanƙwashe babban yatsa na sake ƙirgawa, sai ya zauna daram.

Af, matattakalar nan arba'in da biyu, akwai ƙarfen riƙewa a gefe? A wane hannu yake? Tambaya ce kawai.

Ƙawata matarka tana gaishe ka. Mun samo faranti, amma yanzu cokula sun ɓace.

Allah ya ba da sa'a.
Kakarka

*

Alhamis

Kaka,

Bayan gaisuwa. Na bi shawararki, ga abin da ta jawo mini.

Ranar Talata na roƙi shugabana hutun rabin yini, ni da ban cika wata a wurin ba. Ya kalle ni, ya sa hannu. Da la'asar muka fita da dillali, na ce ya bi da ni layi-layi a hankali. Ina bayan babur kaina a sama kamar mai neman wata.

A wani layi na ga abin da kika faɗa, har ya fi. Igiya shida, daga bango zuwa bango. Rigunan makaranta, kayan jarirai, manyan riguna na dattawa, zanen gado, komai fes. Na ce wa dillali nan nake so. Ya ce, "Nan?" Na ce nan. Ya nuna mini wani gida a ƙarshen layin, na ce a rubuto takardar haya gobe.

Jiya kafin in sa hannu na ce bari in gaida maƙwabta. Na yi sallama a gidan igiyoyin. Wani mutum ya fito da dutsen guga a hannu. Bayan mun gaisa na ce, "Malam, ina yaran?" Ya ce, "Waɗanne yara?" Na nuna masa igiya. Ya ce, "Ni ko aure ban yi ba. Kala nawa ka kawo? Ranar Asabar za ka karɓa."

Mai wanki da guga ne, Kaka. Layin gaba ɗaya ɗakunan ajiyar kaya ne da na gwauraye, babu yaro ko ɗaya. Dillali ya yi dariya har sai da ya jingine babur. Ya gaya wa direba, direba ya gaya wa ofis. Yau da safe na tarar an rataye mini safa a jikin ƙofar ɗakin gwaji, kuma sunana ya koma Mai Shanya.

A kwana biyun nan da na ɓata, an kama gidan kusa da asibiti. Benen kaɗai ya rage, kuma dillali ya ce ba zai riƙe mini shi ya wuce Juma'ar sati mai zuwa ba. In ya kuɓuce, Aku ta rasa gurbi a makarantar kirki.

Ni ba wasa nake ba. Ina kwana a kan katifa a ɗakin abokin aiki, ina wanke riga ɗaya in mayar, ke kuma kina can kina cika mini jadawali da maƙabarta. Tunda kin matsa sai na faɗa, to na faɗa: mun yi magana da Gwaggo. Za ki zauna wurinta har mu daidaita, wataƙila shekara guda. Ƙafarki ba za ta iya bene ba, can kuma kina kusa da likitanki. Don sauƙinki aka yi. Ki bar ni in zaɓa wa yarana gida.

Ƙarfen riƙewa yana hannun dama.

Ki huta lafiya.
Jikanki

*

Litinin

Zuwa ga Mai Shanya,

Bayan gaisuwa, saƙo ya iso. Ka rubuto da hannunka kamar yadda na roƙa, na gode. Rubutun ma ya yi kyau.

Maganar mai wanki, laifina ne rabi. Na ce ka duba igiya, na manta ban ce ka tafi da hankalinka ba. Igiyar mai wanki kowace safa da 'yar uwarta, riga tana bin riga kamar sojoji. Igiyar gida kuwa ba ta rasa safa ƙafa ɗaya, da wando mai faci a gwiwa, da tsumman da ba wanda zai biya a wanke masa. Amma yanzu wannan ba shi da amfani.

Ka kama benenka kafin Juma'a. Aku tana da kai, a sa ta inda za a cika shi. Na raba kwalina da naku, na rubuta masa suna don kada a haɗa a mota. Ɗakin Gwaggonka shuɗi ne. Ban taɓa son shuɗi ba, amma ido ya riga ya yi rauni.

Ka sayi riga ta biyu.

Wassalam.
Kaka

*

Litinin

Zuwa ga Baban Aku,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, da fatan kana lafiya. Wannan takardar a ɓoye na ba direba. Ba zan iya faɗa maka a waya ba, don rabin kunnen nan na Kaka yana kama duk abin da ba a so ta ji.

Tun ranar da wasiƙarka ta farko ta zo, Kaka ta tsiri zuwa asibiti kusan kullum, wai karɓar maganin ƙafa, Aku tana raka ta bayan an taso makaranta. Na yi mamaki, don maganin wata guda ake ba ta. Amma ina kan keke da ɗinkunan mutane da nake son sallama kafin mu tashi, ban bi ba.

Ranar Asabar aka kira ni daga asibitin. Na tarar da ita zaune a tsakiyar matattakalar da ke hawa ɗakin haihuwa, ta riƙe ƙarfe da hannun dama, ba ta iya hawa, ba ta iya sauka. Aku tana gefe tana kuka. Sai da ma'aikata biyu suka sauko da ita a kan kujera. Tana bisa kujerar tana ce musu su bi a hankali, amarya suka ɗauko.

A hanya Aku ta fashe da bayani, ka san ta. Ashe ba magani suke zuwa karɓa ba. Kaka ce take koyon hawa, Aku tana ƙirga mata. Ranar farko tara. Sannan goma sha biyu, sannan goma sha bakwai. Ta ce wa yarinyar in suka kai arba'in da biyu za su ba ka mamaki. Ranar Asabar a ta ashirin da uku ta zauna. Ka lura, Baban Aku, ranar Asabar. Wasiƙarka mai maganar zama wurin Gwaggo tun Alhamis ta karanta ta.

Da muka dawo na gasa mata gwiwar da ruwan zafi, ta kumbura kamar ƙwallo. Na ce, "Kaka, me ya sa?" Ta ce, "Ƙawata, na ce ko da ziyara ce, kada a ce sai an goya ni. Ni na goya shi, ba zan ba shi damar ramawa ba." Ta sa ni rantsuwa kada in faɗa maka. Na rantse ba zan faɗa ba. Ban rantse ba zan rubuta ba.

Ni ma da laifina. Na san shirinku da Gwaggo, na yi shiru, don na ga makarantar a jadawali na yi kwaɗayinta. Ban ce ka bar benen ba, kai ka ga wurin, ni ban gani ba. Amma ka tuna wa ke riƙe Kumatu in ina kan keke, wa ke zama a ƙofa har Aku ta dawo. Kuma ban san macen da za ta rubuta sunanta wurin mai gadi, ta hau hawa uku, don a rage mata hannun riga ba.

Tun Alhamis ba ta tsokani kowa ba, sai ma'aikatan nan biyu. Gidan ya yi shirun da kake ba maki goma. Ba shi da daɗi.

Allah ya yi maka jagora.
Maman Aku

*

Alhamis

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da neman gafara, ya gwiwar? Kada ki yi wa Maman Aku faɗa, ba ta faɗa ba, rubutawa ta yi.

Ranar Talata da aka tashi aiki ban kira dillali ba. Na je benen ni kaɗai, na hau ina ƙirgawa, na zauna a ta ashirin da uku. Daga nan ba a ganin ƙofar sama, ba a ganin ta ƙasa. Na yi kusan rabin awa a wurin. Mutum uku suka wuce ni, kowa ya raɓa ta gefe, ba wanda ya ce lafiya.

Jiya da la'asar na hau mota biyu na koma layin masu walda, mai maki ashirin da tara. Ƙarar tana nan, kwatar tana nan. Amma an taso makaranta, sai da na riƙa kaucewa don kada a buge ni da ƙwallo. A gidan da ke jikin wanda ake haya na ga igiya, ta taso daga tagarsu ta ƙare a ƙusar bangon namu. Na tsaya ina dubawa. Wando mai faci. Rigar sanyi wadda gwiwar hannunta ta ɓule. Safa ja, ƙarama, ƙafa ɗaya. Na bi igiyar har ƙarshe ina neman ɗayar, babu.

Sai na ji murya a bayana: "Kai, ɗan nan, wandon wa kake nema?"

Wata tsohuwa ce a kan benci, da wasu biyu, da sanda a tsakaninsu. Na ce, "Iya, gida nake dubawa." Ta ce, "Gida a kan igiya yake? Matso nan in gan ka." Ta tambaye ni aikina, da na matata, da yara nawa, da shekarunsu. Da ta ji tela, ta gefenta ta ce to a gaya mata tana da zane uku da ke jiran kalmasa. Sannan ta farkon ta ce, "Wa ya koya maka kallon igiya? Wannan ba dabarar ɗan boko ba ce." Na ce kakata. Ta ce, "Tana da rai?" Na ce tana da rai. Ta ce, "To ina ka baro ta?"

Ta dube ni ta gyara zama a bencin, ta ce akwai wurin mutum ɗaya, in dai ba mai yawan shiru ba ce. Na ce ta wannan fannin kada ta damu.

Na sa hannu yau da safe. Ba zan yi miki ƙarya in ce raina fes yake ba. Makarantar layin ba ta kai waccan ba, ajin Aku ya cika maƙil, sai mun riƙa yi mata ƙari a gida. Zan riƙa fita tun da sassafe saboda mota biyu. Ruwan sai an tafasa. Kwatar kuma ni da masu walda mun yi magana za mu rufe ta da ƙarfe kafin Kumatu ta iso. Dillali ya ce bai taɓa ganin wanda ya yi jadawali ya ɗauki na ƙarshe ba, na ce jadawalin ne bai cika ba.

Na kira Gwaggo da kaina na gaya mata. Ta yi fushi saboda fentin, kuma ta fi ni gaskiya.

Ɗakinki shi ne mai taga ta wajen benci. Matattakala biyu ce a ƙofar gida, na auna. Motar kaya za ta zo Laraba. Takardar da na rubuto waccan Alhamis, ina roƙo a mayar mini da ita, in maigida yana da ikon janyewa.

Ki huta lafiya.
Jikanki, Mai Shanya

*

Litinin

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa, na ji. Biyu kacal? Bayan na kai ashirin da uku? Ka ɓata mini wahala.

Takardar ba zan mayar ba. Tana ƙasan akwatina, zan riƙa fito da ita duk ranar da ka yi mini tsada.

Ka gaya wa matar bencin nan ta matsa sosai, ni ba a gefe nake zama ba. Kuma kada ka sayi igiya, tawa tana cikin kwali, ƙaura bakwai ta yi ba ta tsinke ba. Ka buga mata ƙusa a bangon maƙwabta. Ranar da muka sauka zan shanya rigar sanyina da wandon Kumatu, ko wani mai kwalba da agogo zai wuce ya ɗaga kai. Safa kuwa ba sai an nema ba. A kwalayen nan babu wadda ta san inda 'yar uwarta take.

Sai Laraba, in Allah ya kai mu.
Taka, ba saki,
Kaka